Heinrich, Henry, Enrique, Harry: Tambayoyi da Amsoshi kan Asalin Sunan da Rassansa

Masu koyon Jamusanci, da masu fassara labaran ƙetare, da 'yan gidan kallo da ke musu a kan sunayen 'yan ƙwallo, duk sukan zo su yi cirko-cirko a kan wannan suna. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, daga na sama-sama zuwa masu ɗan zurfi.

Mece ce ma'anar Heinrich, kuma daga ina ya fito?

Suna ne na tsofaffin ƙabilun Jamusawa, dangin kakannin mutanen Jamus da Holan da Ingila da Suwidin na yau. A tsohon Jamusanci ana rubuta shi Haimirich ko Heimerich. Kalmomi biyu aka haɗa: haim, wato gida ko mazauni, da rich, wato mai mulki, mai iko. In aka juyo shi Hausa, Sarkin Gida ke nan, ko Maigida. Haka mutanen nan suke raɗa suna, su ɗauko kalmomi biyu masu kwarjini su manna su. Friedrich zaman lafiya ne da mulki, Ludwig shahara ce da yaƙi, Wilhelm ƙuduri ne da kwalkwali. Wanda ya tashi cikin su Mainasara da Maikuɗi da Maigari ba zai ga abin mamaki a nan ba.

Akwai wani suna makusancinsa, Haganrich, wanda rabinsa na farko ke nufin wuri mai shinge. Da tafiya ta yi tafiya sai biyun suka cakuɗe a baki suka koma Heinrich. Ma'anar ba ta yi nisa ba, ko gidan ake nufi ko dangar da ta kewaye shi.

Da gaske ne Henry, Henri, Enrique, Enrico da Hendrik duk suna ɗaya ne?

Ƙwarai kuwa. Dubi abin da ya sami Abubakar a hannunmu: Habu a nan, Buba a wajen Fulani, Bukar a Barno. Kowane harshe ya lanƙwasa sunan daidai da bakin masu shi. Marubutan fada da na coci, waɗanda da Latin suke aiki, sun rubuta Henricus. Faransawa suka ce Henri, daga nan Ingilishi suka sami Henry. Harsunan kudancin Turai ba sa furta harafin h, shi ya sa ya faɗi a Enrique na Sifaniya da Enrico na Italiya. Mutanen Fotugal sun bar shi a rubuce, Henrique, amma ba sa faɗinsa. Italiyawa suna da wani tsohon reshe kuma, Arrigo.

A arewa abin ya sha bamban. Mutanen Holan sun cusa d a tsakiya don harshe ya sami wurin dafawa tsakanin n da r, suka ce Hendrik. Suwidin da Denmak da Norwe suna cewa Henrik, Polan Henryk, arewacin Jamus Hinrich. Rashawa sun saba mayar da h na baƙin sunaye g, kamar yadda suke ce wa Hamburg Gamburg, don haka a wurinsu Genrikh ne. Waɗanda suka fi yin nisa da gida su ne Jindřich na mutanen Cek da Heikki na Finlan. In ba an faɗa maka ba, ba za ka taɓa haɗa su da Henry ba, kamar dai baƙo ya ji Garba a ce masa Abubakar ne.

Yaya ake faɗinsu daidai?

A Jamusanci ei ana karanta shi ai, don haka Hain ne farkon sunan, ba Hein ba. Ch na ƙarshe wata iska ce mai laushi tsakanin h da sh, mafi kusa a bakinmu shi ne Hainrih. Enrique Enrike ne, ba Enrikwe ba, kuma haka za a kira kocin nan Luis Enrique. Enrico Enriko ne. Henri na Faransa kuwa Anri ne, da an ɗin a hanci.

A kan wannan na ƙarshen na taɓa ganin mutum biyu sun kusa bai wa hammata iska a gidan kallo, zamanin da Thierry Henry ke tashe a Arsenal shi da Kanu. Ɗaya ɗan Maraɗi ne da ya zo fatauci, ya dage Anri ne. Ɗayan ɗan gari, ya miƙe yana nuna talabijin, ya ce ga h nan ƙuru-ƙuru a bayan rigar mutumin, sai makaho zai ce babu. Har aka dawo daga hutun rabin lokaci ba su daidaita ba, sai da mai gidan kallon ya yi barazanar kashe janareto. Ɗan Maraɗin ne da gaskiya. Mutumin Bafaranshe ne, kuma ko da y aka rubuta sunan, a Faransa Anri ake cewa.

Me ya sa sunan ya bazu haka a Turai?

Sarakuna ne suka yaɗa shi, talakawa suka bi. Na farko mai muhimmanci shi ne Heinrich na ɗaya, wanda ya mulki ƙasar da ta zama Jamus daga 919 zuwa 936. Ana masa laƙabi da mai tarkon tsuntsaye, wai don yana cikin ɗana tarko manzanni suka same shi da labarin an zaɓe shi sarki. Bayansa aka yi ta naɗa masu sunan har zuwa Heinrich na bakwai da ya mutu a 1313. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne na huɗu. Ya yi rigima da Paparoma Gregory na bakwai a kan wa ke da ikon naɗa bishop-bishop, Paparoma ya kore shi daga coci, hakimansa suka fara juya masa baya. A watan Janairun 1077 ya tsallake tsaunukan Alps cikin tsananin sanyi, ya je ƙofar ganuwar Canossa a Italiya, ya yi kwana uku yana tsayuwa cikin rigar tuba a kan ƙanƙara kafin a buɗe masa. Har gobe in Bajamushe ya ce wani ya tafi Canossa, yana nufin ya zubar da girma ya je neman afuwa.

Gidan sarautar Faransa ta ɗaki sunan ya shige shi. 'Yar mai tarkon tsuntsaye, Hedwig, ita ta haifi Hugh Capet, kuma jikan Hugh shi ne Henri na ɗaya da ya hau a 1031. Faransa ta yi Henri huɗu, na ƙarshensu shi ya kafa dokar Nantes a 1598 don a daina zubar da jini tsakanin Katolika da Furotesta, aka kuma kashe shi da wuƙa a titin Paris a 1610. Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, su suka tsallaka da sunan. Ɗan shugabansu, William mai nasara, ya zama Henry na ɗaya a 1100, aka yi ta yi har takwas. Na takwas ɗin, mai mulki daga 1509 zuwa 1547, shi ne mai mata shida bi da bi, wanda ya sa aka fille kan biyu, ya kuma raba cocin Ingila da Roma a 1534.

Fotugal tana da nata, Yarima Henrique, 1394 zuwa 1460, wanda ya riƙa tura jiragen ruwa su gangaro gaɓar Afirka ta Yamma. Turawa suna masa kirari da gwanin teku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana wurin, a kan doki, ranar da aka yi rabon ɗaruruwan bayi 'yan Afirka a garin Lagos na Fotugal a 1444, ya kuma karɓi kasonsa.

Harry fa? Wani suna ne daban?

A tsohuwar Ingila Harry shi ne yadda ake faɗin Henry a baki. An ɗin hanci na Faransawa ya gagari Ingilishi, sai suka haɗiye n ɗin, suka ce Herry, daga baya Harry. Henry ya tsaya a takarda, Harry a titi, har sarakunan Ingila da aka ambata a amsar da ta gabata talakawansu Harry suke ce musu. Yarima Harry na yanzu, wanda aka haifa a 1984, sunansa na yanka Henry Charles Albert David. Daga Harry aka sami Hal, bisa ɗabi'arsu ta mayar da r zuwa l a sunan lallashi, kamar Mary da ta koma Molly. Hank kuwa a Amurka ya yi ƙarfi, kuma yana kama da Henk na mutanen Holan.

Sai dai ba kowane Harry ne Henry ba. Wasu Harold ne ko Harrison aka gutsure, wasu kuma Harry aka raɗa musu tun ranar suna, kamar Harry Kane da Harry Truman tsohon shugaban Amurka.

Jamusawa da kansu yaya suke gutsure shi?

Heinz ya fi shahara, sai Heiner, Heino, Hein, da Heiko a can arewa. Yawan masu sunan a zamanin da ya kai har ya haifar da salon magana. In Bajamushe yana so ya ce kowane kare da doki, sai ya ce Hinz und Kunz, wato su Heinrich da su Konrad, don a lokacin in ka jefa dutse a kasuwa kan ɗayansu zai faɗa. Ingilishi ma da Harry suka rufe nasu salon, Tom, Dick and Harry.

Hattara da Heini. Da sunan lallashi ne na yara, yanzu ya koma baƙar magana, kusan a ce wa mutum gaula ko sakarai. Kada ka kira abokin aikinka da shi don neman sabo. Shi kuwa Enzo na Italiya, asalinsa ana danganta shi da Heinz: wani ɗan Sarki Friedrich na biyu da ya yi sarautar Sardiniya a ƙarni na 13 Heinz ne, Italiyawa suka mai da shi Enzo. A yau dai Enzo yakan zama gutsuren Vincenzo ko Lorenzo.

An ce akwai gidan da kowane namiji sunansa Heinrich. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, gidan Reuss ne a yankin Thuringia, masu ƙananan masarautu a Greiz da Gera har zuwa 1918. Kusan shekara 800 ke nan duk ɗa namiji da aka haifa a gidan Heinrich ake sa masa, don girmama Sarki Heinrich na shida. Da lamba ake bambanta su, kuma lambar ta jerin haihuwa ce a dangi, ba ta hawa gadon sarauta ba, don haka uba yana iya zama na 60 da wani abu, ɗansa ya zama na 14. Babban reshen gidan, kafin ya ƙare a 1927, yana ƙirgawa ne zuwa 100 ya sake daga 1. Ƙaramin reshen yana sakewa ne duk farkon ƙarni. Ta haka aka yi wani mai mulki Heinrich na 72.

Mu da muke da gidajen da kowa Muhammadu ne, mun fi su dabara, don Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu sun fi lamba daɗin kira, ko da yake su ma lambobin ne da Larabci. Sunan gidan Reuss ya sake fitowa a labarai a Disambar 2022, lokacin da 'yan sandan Jamus suka kama Heinrich na 13 bisa zargin hannu a shirin kifar da gwamnati.

Eric da Richard suna da alaƙa da shi?

'Yan uba ne, ba suna ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne rich ɗin da aka yi bayani a amsar farko. Yana cikin Richard, da Friedrich, da Ulrich, da Eric na mutanen arewacin Turai, da Rodrigo wanda Rodri ya fito daga gare shi. Yana cikin Dietrich, sarkin jama'a, wanda Faransawa suka lanƙwasa ya koma Thierry. Ashe Thierry Henry sarauta biyu yake ɗauke da su, ta jama'a da ta gida. Kalmar ce dai ta ba Jamusanci Reich, daula, kamar a Österreich da Frankreich, sunayen Austiriya da Faransa a bakinsu. Tana da dangantaka ta nesa da rex na Latin da raja na Indiya.

Rabin farko ma yana nan da ransa. Shi ne home na Ingilishi da Heim na Jamusanci, shi ne a wutsiyar Mannheim da Hoffenheim, da ham na Birmingham da Nottingham. Na West Ham da Fulham kuwa wata kalma ce daban mai nufin fili a gefen kogi, kamannin rubutu ne kawai.

Akwai na mata?

Akwai: Henriette a Faransa, Henrike da Heike a Jamus, Enrica a Italiya, Enriqueta a Sifaniya. Henrietta ya shiga Ingila ne tare da 'yar Henri na huɗu, Henrietta Maria, wadda ta auri Sarki Charles na ɗaya, kuma da sunanta aka raɗa wa jihar Maryland ta Amurka. Yadda Henry ya koma Harry, haka Henrietta ta koma Harriet. A Maryland ɗin aka haifi baiwar nan Araminta Ross, wadda ta ɗauki sunan mahaifiyarta ta zama Harriet Tubman, ta gudu, ta kuma riƙa komawa tana fito da 'yan'uwanta bayi.

Waɗanne sunayen dangi ne suka fito daga gare shi?

Suna da yawa, kusan duk ma'anarsu ɗan wane. Harris da Harrison ɗan Harry ne, don haka Kamala Harris tana cikin zuriyar sunan, haka William Henry Harrison, shugaban Amurka da ya mutu a 1841 bayan wata ɗaya kacal a kan mulki, wanda ya ɗauki sunan sau biyu. Henderson daga Hendry na Sikotlan yake, da d ɗin nan da aka gani a Hendrik. Akwai Henriksen, Hendricks, Enríquez, Henriques, Heinrichs da Hinz. Mutanen Wales suna cewa ap don ɗan, sai ap Harry ya haɗe ya koma Parry. Kamfanin Heinz mai tumatirin kwalba kuwa, wanda ya kafa shi Henry John Heinz ne, ɗan Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, shi ma Heinrich biyu a jiki ɗaya.

Sunan addini ne? Yana cikin Baibul?

Ba ya ciki. Sunan gargajiyar Jamusawa ne, ba daga Ibrananci ko Girkanci ya zo ba, kuma babu sunan wani abin bauta a cikinsa. Ya sami gindin zama a coci ne ta hanyar waliyyai. Sarki Heinrich na biyu, wanda ya kafa kujerar bishop a Bamberg a 1007 ya mutu a 1024, an ayyana shi waliyyi a 1146, Katolika suna tunawa da shi ranar 13 ga Yuli. Finlan tana da nata waliyyin, Bishop Henrik, wanda labarin gargajiya ya ce wani manomi ya sare shi da gatari a kan ƙanƙarar tafki, kuma daga gare shi Heikki ya yi yawa a ƙasar.

Zuwansa Najeriya ta hannun 'yan mishan da Turawan mulki ne. Henry Townsend, wanda ya kafa jarida ta farko a ƙasar a Abeokuta a 1859, yana cikin na farko-farko. Ƙasashen da Faransa ta raina kuwa Henri suka gada, irin su Henri Konan Bédié da ya shugabanci Kwaddebuwa daga 1993 zuwa 1999.

Shin kalmar Amurka daga wannan suna ta fito?

Rabinta dai tabbas 'yar gida ce. A 1507 wani Bajamushe mai zanen taswira, Martin Waldseemüller, ya raɗa wa sabuwar nahiyar sunan matuƙin jirgin nan ɗan Italiya, Amerigo Vespucci. Amerigo reshen Emmerich ne na Jamusawa, kuma rich ɗin ƙarshe shi ne namu. A kan rabin farko ne masana suka rabu: wasu sun mayar da shi ga Heimerich, wasu ga Amalrich, wasu ga Ermenrich. Duk wanda ya ce maka kai tsaye Amurka tana nufin Henry, ya zaƙe.

Har yanzu ana raɗa shi a Jamus?

Heinrich kansa ya tsufa. A ƙarni na 19 da farkon na 20 yana cikin sunayen da suka fi yawa, zamanin su Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da igiyoyin rediyo, har ake auna zangon tasha da sunansa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi ƙasa, ya zama sunan kakanni, kuma Heinrich Himmler, shugaban rundunar SS ta 'yan Nazi, bai bar masa ƙamshi ba. Abin dariyar shi ne jikokin su Heinrich sun aro shi daga waje. Henry da Henri, rassan Ingila da Faransa, sun shiga cikin sunaye goma da aka fi raɗa wa yara maza a Jamus a 'yan shekarun nan. A Amurka ma Henry ya koma cikin goma na farko a 2020.

Akwai wani mai sunan da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye?

Heinrich Barth, ɗan Hamburg, 1821 zuwa 1865. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sun taso daga Tarabulus a 1850, shi ya ratsa Agadas, ya shiga Katsina, ya iso Kano a farkon Fabrairun 1851. Ya je Kukawa da Yola, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya kai Tambutu a shekarar. Abokan tafiyarsa biyu duk a nan ƙasa ta rufe musu ido, shi kaɗai ya koma a 1855. Ba a san shi da Heinrich a nan ba, Abdulkarim ya kira kansa. Sarkin Gida ya zo ƙasar mutane ya koma bawan Mai Karimci.

Ya koma Turai da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram. A Ingila ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, waɗanda suna cikin Hausar farko da aka buga da boko. Da aka yi masa baftisma, James Henry Dorugu aka sa masa. Ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

In ina fassara labari zuwa Hausa, wane reshe zan rubuta?

Wanda mai sunan yake amfani da shi. Da can Turawa fassara sunaye suke yi: littattafan tafiyar Barth guda biyar da aka buga a Landan, Henry Barth aka rubuta a bangonsu, kuma har yau Ingilishi suna ce wa sarkin nan da ya je Canossa Henry, Sifaniyawa suna ce wa Yarima Harry Enrique. Mai fassara daga Ingilishi yakan kwaso wannan bai sani ba, ya mayar da Bajamushe ɗan Ingila. A ganina sarkin Jamus a bar shi Heinrich, na Faransa Henri, na Ingila Henry, a rubuta lambarsa da Hausa. In rediyo ne ko bidiyo, a koma amsar da ke kan furuci a gwada sunan a baki sau biyu kafin a kunna makirfo.